Wayar da Inna Ba Ta Amsa Ba

Assalamu alaikum Yaya Kalilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi a can Fatakwal. Mu nan Daura jiki da sauƙi, gero ya yi kyau a gonar Sandamu, Fadila ma ta yaye ɗanta. Hankalinmu ne dai a tashe.

Na san ka ji a rediyo, amma wataƙila ba ka san har da Yaya Hafizu ba. Yau kwana goma sha tara da sojojin ƙasar da yake aiki suka kewaye ofishin jakadancin ƙasarmu da yake wa tuƙi, ba shiga ba fita. Sun ce sai an saki mutanensu biyu da aka kama a nan, namu kuma sun ce su fara buɗe ƙofa. Direba fa, Yaya! An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ga shi yana dukan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sau ɗaya aka bar shi ya bugo waya, a shagon Chekwube mai kayan gyaran mota. Ya ce maganinsa na ciwon suga ya kusa ƙarewa, ya roƙa a kira masa Inna. Na ruga gida, amma ka san Inna da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba. Ta kau da kai, ta ce me za ta ce wa wancan, in je in jiyo mata. Kafin in koma an katse layin. Wallahi na ji haushinta, har na yi mata magana mai zafi.

Tun ranar, Innar da ba ta leƙa ko zaure, kullum tana kan bencin Chekwube daga hantsi har la'asar. Jiya wayar ta yi ƙara, ta riga kowa ɗauka, ta kira Hafizu da ƙarfi, sau uku, a gaban mutane. Ashe wani ne yake tambayar taya. Ta ajiye, ta koma ta zauna. Ina tsoro, Yaya. Don Allah ka taho gida, ni kaɗai ba zan iya ba.

Ka gaida Khairunnisa da Yazid, Baffa Maliki ma yana gaishe ku. Inna ta ce ku sa Hafizu a addu'a, kuma ta ce in rubuta sunan yadda ta faɗa.

Ƙanwarka,
Murja