Yaya Modu, Ni Na Ɗaure Igiyar

Zuwa ga yayana, marigayi Modu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na rubuta ta a fili ne don mutanen Fagge da suka san ka su karanta, ko a karanta musu, tunda a gabansu na bari sunanka ya ɓaci.

Shekarar da na sami lasin tuƙi, kai ne babban 'yan dako a tashar jirgin ƙasa. Duk nauyin kaya, in dai kai ka ɗaure shi, direba ba ya waiwaye. Kakan ce, "Kaya ba ya jin lallashi, ɗauri yake ji."

Ranar nan wani ɗan kasuwa na Sabon Gari ya ɗauke mu mu kai masa injin niƙa da jirgi ya kawo daga Ikko. Ƙarfe ne zalla. Sai da ƙarti goma sha biyu suka turo shi a kan katako kafin ya hau bodin motar da nake tuƙawa. Ka dube shi ka ce wannan sai sarƙa, ka tafi nema.

Ban jira ka ba. Na ciro tsohuwar igiyar rama da muke ɗaure buhunan gyaɗa da ita, na zagaya ta sau uku, na ƙulle. Da ka dawo ba ka samo sarƙar ba, ka ce a bari sai gobe. Na dage, na ce ai Sabon Gari ga ta nan, ko da ƙafa ma an isa. Ka ja igiyar, ka girgiza kai. "To, kai tsaye, kuma a hankali. Zan hau baya in sa ido." Abin da ka ce ke nan.

Yaya, ban tafi kai tsaye ba. Na karya kan motar zuwa Fagge, don Hajara da nake nema ta gan ni a bayan sitiyari da babban kaya. Dalilin ke nan, babu wani.

Na ji kana bubbuga rufin motar da tafin hannu. Na ji sarai. Amma abokaina na zaune a bakin hanya suna ɗago mini hannu, sai na ƙara wuta. Ƙafar motar ta baya ta faɗa ramin da ruwa ya zaizaye, igiyar ta tsinke, injin ya zamo ya matse maka ƙafa a jikin bodi. Har yau ban san tsawon lokacin da mutanen unguwa suka ɗauka suna ɗaga shi da itace ba. Na dai tuna ba ka yi kuka ba, salati kawai kake yi.

Da ɗan sanda ya zo asibiti yana tambayar wanda ya ɗaure kayan, ina tsaye a bakin gadonka. Ka ce, "Ni ne. Kuma ni na ce ya bi ta Fagge." Ka faɗa ba tare da ka dube ni ba. Na sunkuyar da kai, na bar shi ya rubuta. Lasina ya tsira. Kai kuma aka yanke maka ƙafa daga gwiwa.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. A majalisa ana cewa tsufa ya kama Modu, ya ɗaure inji da igiyar gyaɗa, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai. Wata rana wani baƙo ya tambaye ni yadda abin ya faru, na ba shi labarin yadda ka ba ɗan sanda. Da bakina.

Na auri Hajara, kai ka karɓa mini auren, da sandarka. Ka koma sayar da goro a ƙofar zaure. Duk sanda na zo gaishe ka, sai in shirya maganar tun daga hanya, in na durƙusa kuma sai in tambaye ka ya kasuwa. Shekara shida ina haka, har na ɗauki makararka.

Makon jiya na je wurin matarka, Yaya Falmata, na faɗa mata komai. Tana tsintar shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Bukar, tun a asibiti ya gaya mini. Ya ce duk ranar da ka zo da bakinka, ya yafe. Shi dai ya so ka same shi da rai."

Ban same ka ba, Yayana. Na makara.

To ga shi na faɗa, kowa ya ji: Modu bai taɓa ɗaure kaya ya kwance ba. Ni na ɗaure, ni na canza hanya, ni na ƙi tsayawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya tashe ka da ƙafafunka biyu cikin salihan bayi. Ni kuma Ya ba ni idon da zan iya dubanka da shi ranar da za mu haɗu. Amin.

Ƙanenka mai jin kunyarka,
Bukar direba, Fagge.