Tsagar da Na Goge a Fuskarki

Zuwa ga Kaka Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, jikanki ne Abba, wanda kike ce wa maigida marowaci. Yau da laifina na zo.

Kin tuna ranar da na sami gurbi a jami'a? Ke da ba kya yarda a ɗauke ki hoto, ranar kika yarda saboda ni. Har kika sa na jira ki a zauren gidanmu na Koki, kika ɗauro sabon ɗankwali.

Abin da ba ki sani ba, ina shiga makaranta na tarar guruf ɗin ajinmu ya kaure da gardamar wane ne ɗan asalin Kano, wane ne baƙo. Akwai wanda aka gano kakansa daga Nijar ya zo, har yau Ɗan-ci-rani ake kiransa. Ni kuwa tuni na rubuta "Bakano tsantsa" a shafina, alhali daga Diffa ta Nijar aka kawo ki birnin nan kina amarya. Tsoro ya kama ni. Na sa filtar gyaran hoto na goge tsagar Barebari da ke kumatunki, sannan na ɗora hoton. Na asalin kuma na share shi, kada wani ya karɓi wayata ya gani.

Da na nuna miki, kin daɗe kina kallo. Kika shafa kuncinki, kika ce, "Tsohuwar nan kyakkyawa ce, 'yar gidan wa ce?" Na yi dariya, na ɗauka wasan kaka da jika ne. Ba ki sake tsayawa gaban wayata ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Kaka, hoton nan kaɗai kika bar mana. Jiya Gwaggo ta ce a wanke shi a rataye a ɗaki. Na zauna in mayar da tsagar, sai na rasa ko guda nawa ce. Baba ya ce huɗu-huɗu, Gwaggo ta rantse biyar-biyar ne. Ni da na girma a cinyarki ina bin su da yatsa, na kasa raba musu gardama. Kunya ta ishe ni, wallahi.

Ki yafe mini. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a inda zan sake ganin fuskarki yadda take, in ƙirga da kyau.

Naki,
Abba, jikan Falmata 'yar Diffa