Agogon da Likita Ta Ce In Zana

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Matar Babba, babban ɗana, ta sauka, an sami mace, kunnuwan mahaifinmu sak. 'Yata Auta ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Kin tuna shekarar da babbar kasuwa ta ƙone? Bana shekara goma sha huɗu ke nan. A shekarar aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti, aka ce ƙanjamau ne. Auta ta ɗago kai, na ce ta rubuta sunan yadda yake. Tun daga ranar nake haɗiyar ƙwayar nan, ban taɓa tsallake rana ba. Waɗanda ciwon ya kama kafin magani ya iso gare mu, da kafaɗata na kai su kushewa: Dogo mai walda, da tela maƙwabcinmu, da uwar 'ya'yana.

Saƙonki ya iso ta bakin Babba, wai maganin ne ke cinye mini ƙwaƙwalwa, in ajiye shi in taho wajenki in huta. To ki ji daga bakin mai abin. Gaskiya ne na ba wani direba agogon mahauci, mahauci ya zo ya cika mini rumfa da hayaniya. Shekara arba'in ina gyaran agogo ba rasit ba lamba, fuskar mutum kawai nake haɗawa da kayansa, sai bana na yi tuntuɓe. Gaskiya ne kuma nakan nemi hantsaki alhali yana hannuna. Ban musa ba.

Babba ya ja ni wurin wata sabuwar likita. Ta faɗi kalmomi biyar ta ce in riƙe, da ta waiwayo uku na kawo mata. Sai ta miƙo takarda da biro, wai in zana agogo yana nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ni fa! Ke shaida ce ban taɓa zama a aji ba, ko a wurin sa hannu yatsa nake dangwalawa. Lambobin nan na san su kamar fuskokin 'ya'yana, amma ban taɓa rubuta ko ɗaya ba. Abin da na zana ya fi kama da ƙwan da aka taka. Ta duba, ta girgiza kai, ta yi dogon rubutu. Ba ta tambayi sana'ata ba, ni kuma na tashi na fito cike da haushi. Da wannan takardar Babba ya karɓe makullin rumfata, wai kada in sake jawo masa abin kunya. Yau kwana tara ina zaune a ƙofar gida kamar tsohon benci.

Na lallaɓa wurin nas ɗin da ke ba mu magani, wadda muke kira Gajeriya. Ta yi dariya har da hawaye da ta ji mai gyaran agogo ya faɗi jarrabawar agogo. Ta ce mantuwa kan zo daga ciwon, ko daga wani maganin, ko tsufa kawai. In maganin ne, a canja wani, amma wanda ya daina sha gaba ɗaya ya buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa.

Saboda haka, ƙanwata, magani ba zan ajiye ba, kuma ba zan taho ba. Kalmomi biyu sun gudu mini, amma har gobe ni kaɗai ne ke jero sunayen kakanninmu bakwai ba gargada. In kaina yana yoyo, a auna shi da abin da na sani, a faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Ki gaishe mini da maigidanki, da jikokinki 'Yan Biyu, da Sarkin Ci in har yanzu bai ƙoshi ba. Auta tana gaishe ki.

Agogon bangon mahaifinmu, wanda kike tsoron bugunsa kina ƙarama, na warware shi ɗazu ɗai-ɗai, haƙoransa da sukurorinsa suna cikin gwangwanin madara. Gobe da safe zan sha ƙwayata, in sa Babba a gaba mu koma wurin likitar. A kan teburinta zan haɗa shi, in tsayar da hannuwansa a sha ɗaya da minti goma, in murɗa shi in ba shi wani. In ya tashi, Babba ya miƙo mini makullina a nan take. In ya ƙi, da bakina zan ce ya riƙe.

Yayanki,
Mai Agogo