Randarki Tana Nan, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Hutun bana ban zauna ba. Makaranta ta tura mu sanin makamar aiki a sashen lafiya, aka ba mu bibiyar sauro da kaska. Da kina raye da kin riƙe haɓa kin ce ashe duk karatun a farautar ƙwari zai ƙare.

Ranar kasuwa muna kara, wato kasuwar shanu, muna cire kaska daga kunnuwan shanu muna jefawa a kwalba. Sauran ranaku ina yawo da ludayi, kududdufi zuwa kududdufi har Baure, ina ɗebo 'ya'yan sauro. Inna, ashe ba iri ɗaya ba ne! Wasu suna rataye a ruwa kai ƙasa, wasu suna kwance a samansa kamar tsinke. Masu kwanciyar nan su ke girma su raba wa mutane zazzaɓi. Sai in yini ina kallonsu ban gaji ba.

Kin tuna randar da kika girke a ƙofar gida saboda masu wucewa? Kullum kina cewa, "Ku cika ta, ba ku san wanda zai biyo ba." Tun rasuwarki ba mu bar ta ta bushe ba.

Da zazzaɓi ya kwantar da takwararki Ummi, 'yar Yaya Sani, sai Yaya ya ce randar ce matattarar sauro, gobe zai ɗauke ta. Raina ya ɓaci, amma na kasa musa masa, don ni ma abin da nake gaya wa mutane ke nan a wurin aiki.

Da safe na fita da ludayina. Na ɗebo ruwan randar, na ɗaga a rana, na sake ɗebowa. Ruwa garau, ko ɗaya babu. Sai na duba gindinta, inda ake zubar da ragowar moɗa. Ƙasa ta lotsa, ruwa ya kwanta a sawun awaki. Nan na same su kwance reras.

Na kira Yaya. Ya daɗe a tsugune yana mamakin yadda suke wutsil-wutsil. Shi da kansa ya turo yashi da tsakuwa a baro muka cike wurin, muka samo wa randar murfi. Ummi ma ta warware, har ta koma rigimarta.

Jiya wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta sha, ta yi wa mai randar addu'a, alhali ba ta taɓa ganinki ba. Na shige gida da sauri don kada ta ga hawayena. Na yi kewarki ƙwarai, Inna.

Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara. Amin.

Autarki,
Bilkisu