Motar Sati Shida

Duluth, Minnesota
2 ga Fabrairu, 1988

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Harlan. Yaya gwiwar tasa? Mu nan ƙanƙara ta toshe mana ƙofa, sai da na haƙa hanya kafin na kai ga akwatin wasiƙa.

Bayan haka, alfarma nake nema, amma bari in fara da marar daɗin. Rawar nan da hannuna na hagu yake yi, likita ya ce ciwon Baba ne. Ya ce in na yi sa'a ina da shekara guda kafin riƙe sifana ya gagare ni. Kada ki bugo waya kina kuka, na riga na yi nawa.

Kin tuna motar tseren nan mai kujera biyu, marar rufi, wadda na manna hotonta a bango tun ina ɗan shekara sha biyar? Ta asalin sai attajirai. Amma akwai masu ƙera kwafinta su sayar a wargaje, firam, wato ƙarafan gindin motar, da gangar jiki da gilashi, mutum ya sa injinsa ya haɗa a garejinsa. Inji na riga na samu. Ina so in haɗa ta da hannuna tun hannun yana jin maganata.

Manyan kamfanoni duk sun ce sai na jira wata goma sha huɗu, ni kuwa ba ni da su. Sai na ga wata 'yar talla a bayan mujalla: wani Purvis Gaddy, a jihar Tennessee, mil arba'in daga gidanki. Ya ce sati shida. Ban taɓa jin sunansa ba. Don Allah ki je ki gano min. Ki duba walda, ki buɗe ƙofofi ki rufe, ki karɓo lambar waɗanda suka taɓa saye a wurinsa.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Orrin

*

Dalton, Georgia
13 ga Fabrairu

Orrin,

Na samu wasiƙarka, muna lafiya, Harlan yana gaishe ka. Kai ne kaɗai a duniya za ka cusa labari irin wannan a tsakiyar zancen mota. Na yi kukan, kuma ba ruwanka.

To, kowa ya ce wata goma sha huɗu, mutum ɗaya ya ce sati shida, kai kuma har ka fara share gareji? Tun kana ƙarami haka kake, duk wanda ya yi maka murmushi ya zama mutumin kirki.

Ranar Alhamis na je, ban sanar ba. Wurin tsohon gidan kaji ne aka mayar da shi ma'aikata, har yanzu in iska ta kaɗa za ka ji. Mutum uku ke aiki. Gaddy ɗin dattijo ne mai faɗin kafaɗa da zaƙin baki. "Uwargida, ki zauna mana, ga shayi mai sanyi." Na ce ban zo shan shayi ba. Shekara ashirin da bakwai na yi ina duba darduma a masana'anta ina neman inda zare ya kauce, ba a yi mini wayo da kujera.

Na durƙusa na bi waldar da yatsa, gaɓa bayan gaɓa. Na buɗe ƙofa na rufe har sau goma. Na zaro tef ɗina na ɗinki na auna gangar hagu da dama, don Harlan ya ce wasu maƙeran ba daga ta asalin suke kwafa ba, daga kwafi ne, sai motar ta fito a karkace. Daidai take. Abin ma har haushi ya ba ni, don na je da niyyar kama shi. Lambobi uku da ya ba ni duk na kira, kuma duk sun yaba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Na tambayi mai waldar, wani shiru-shiru, mota nawa suke gamawa a wata. Ya ce ɗaya, wani watan ma babu. A bangon ofis kuwa akwai allo cike da sunaye, na ƙirga sha ɗaya kafin Gaddy ya zo ya tsaya a gabansa yana ba ni labarin jikarsa. Kai da ka iya lissafi, ka faɗa min ta ina sati shida zai fito. Su ukun nan da suka yaba kuma, ai shi ya zaɓo su.

Kada ka aika masa ko sisi sai na koma.

Ka sha maganinka.
Yayarka, Verna

*

Duluth
22 ga Fabrairu

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, kuma na gode da wahala. Ki yi haƙuri, wasiƙarki ta iso bayan na aika da kafin alƙalami. Gaddy ya bugo min da kansa, ya ce wadda kika auna a shirye take, in na yi jinkiri wani zai ɗauka.

Ke da bakinki kika ce walda ta yi, ƙofa ta yi, awo ya yi. Me kuma ya rage? Ke fa ko mai kawo wasiƙa sai kin zarge shi da karanta katinki. Wataƙila sunayen allon na waɗanda suka riga suka karɓa ne.

Jiya kofi ya suɓuce min a gaban mutane a coci. Wata mata ta durƙusa tana goge min takalmi. Yaya, ba ni da lokacin bincike irin naki. Ki leƙa sau ɗaya kawai ki tabbatar an rubuta sunana a jiki, shi ke nan.

Ƙanenki, Orrin

*

Dalton
5 ga Maris

Orrin,

Gaisuwa. Da fatan ka samu sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta.

Na koma yau Asabar. Gaddy ya tare ni da fara'a, ya kai ni gaban firam, ga ORRIN an rubuta da alli, manya-manya. Na sa tabarau na matsa. A ƙarƙashin sunanka akwai wani suna da aka goge da tsumma, bai gogu duka ba. Na zagaya wajen akwatin gilashi, na ɗaga kwalin da aka rufe shi da shi. A nan da fenti aka rubuta, ba a iya gogewa ba: sunan wani mutum, garinsu, lambar wayarsa, da Disamba 1985.

Na ce, "Malam Gaddy, motar wa za ka ba ƙanena?"

Ko kunya bai ji ba. Ya cire hula ya sosa kai. "Uwargida, ki fahimce ni. Sabon mai saye in ka ce masa shekara biyu, tafiya zai yi. Wancan kuwa ya riga ya biya, kuma mutum ne mai haƙuri. Da kuɗin ƙanenki zan sayi ƙarfen tasa. Kowa zai samu, ba wanda na taɓa cinye wa."

Da zan fita mai waldar ya biyo ni har bakin mota, bai kalle ni ba, ya ce wannan ne karo na uku da ake goge sunan bawan Allah ɗin nan.

Na kwafe lambar. Da na dawo gida na kira, ni ma ban san me zan ce ba. Da ya ji na ambaci Tennessee sai muryarsa ta canja. "Daga wurin Gaddy ne? An gama?" Tsoho ne, Orrin, ana ji a numfashinsa. Kafin in buɗe baki ya fara ba ni labari, wai tun shekara biyu da suka wuce ya kwashe komai daga gareji, motarsa ta hawa a waje take kwana cikin ƙanƙara, matarsa tana ta yi masa tsiya. Na ce masa tambaya kawai nake a kan ingancin kayan. Ya ce, "Ai mutumin kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa." Na ajiye waya.

Ga gaskiyar da ka aike ni nema. Kayan masu kyau ne. Gaddy ba zai gudu da kuɗinka ba, in ka ce a ɗora ta a babbar mota, cikin sati biyu tana ƙofar gidanka. In ka ce a'a, zan tsaya a kansa sai ya mayar maka da abinka, amma ka san babu wata mota a bana. Na so in tsani Gaddy shi kaɗai in huta, sai ga shi har da mu a ciki.

Ban rubuta maka sunan mutumin ba. In kana so ka tambaya.

Allah ya ba ka lafiya.
Verna

*

Duluth
14 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana uku wasiƙarki tana kan tebur.

Na kira kamfanoni biyu, har roƙo na yi. Ɗaya ya ce zai rage min wata guda. Na je gareji na gwada ɗaure noti da hagu, sai da na taimaka da dama.

Na san abin da Mama za ta ce, na san abin da ke ma za ki ce. Shi yana da haƙuri, wataƙila yana da lokaci. Ni na san ba ni da shi. Ki ce wa Gaddy ya ɗora.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki sa a shafe fentin nan na jikin akwati, kuma kada ki faɗa min sunansa. In na sani ba zan iya taɓa motar ba.

Ki yafe min.
Orrin

*

Dalton
21 ga Maris

Ƙanena,

Gaisuwa. An ɗora yau da safe, a gabana. Za ta iso ranar Juma'a. Na sa an shafe fentin.

Ni na ji muryarsa, kai ba ka ji ba, kuma ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba. Sunansa Elwood Tarkington. Shekararsa saba'in da takwas.

Ka sa safar hannu in za ka sauke gilashin, gefensa yana da kaifi.

Yayarka, Verna