Mai Kisan da Na Hana a Kama

Damagaram, daren Talata

Inna ta kwana, alhamdu lillahi. Da safe ta ɗaure kayanta, wai hatsinta ya nuna a Hamdara, tsuntsaye ba za su jira lokotoron asibiti ba. Shi kuwa sai Alhamis zai duba hawan jininta.

Littafin faransancin da Madam Hadiza, malamar lakwal ɗinmu, ta ba ni ne ya riƙe ta, na mai kisan da jandarmomi ke nema. Kullum bayan la'asar ina karantawa, ina mayar mata da Hausa. Littafin ya ƙare tun jiya, an kama mutumin. Ni dai na bar shi ya haura katanga. Yau na ɓoye shi cikin motar gyaɗa, ina juya shafi kamar gaske.

Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Rabi, wannan shafin jiya ma shi kika buɗe."

Na rufe littafin.

Ta gyara kwanciya ta ce, "To, ya yi ta gudu har Alhamis. Amma Juma'a ki kama mini shi, ina da girbi."