Awon Kan Rakiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ka, ɗan farina, wanda mutanen gida ke kira Ɗan Goggo. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'imarsa, ya yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gero ya shiga rumbu. Babanku yana nan, sai gwiwa da ke damunsa in ya daɗe a tsugune.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga hannuna, don ka bar ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Bayan rasuwarka na shiga karatun manya, da furfura a kaina, saboda zama shiru a gida ya fi ƙarfina. Ƙanwarka Rakiya ce ta nuna mini inda ake sa rubutu a waya mutane su gani. Na san akwai masu karantawa. Su karanta, amma da kai nake.

Sunanka ba zan rubuta ba. Ban kira shi da baki ba kana raye, don kunyar ɗan fari. Na gwada da alƙalami, hannun ma ya ƙi.

Maganar kekenka ce ta sa na zauna rubutu.

Rakiya ta ci jarrabawa, an ba ta lise, wato babbar sakandare, a cikin Dakoro. Ka san tsakanin ƙauyenmu da gari, ba tafiyar ƙafa ba ce ga ɗiya mace safe da yamma. Babanku ya sauko da kekenka daga inda ya rataye shi a zaure, ya kai aka sa masa sabbin tayoyi, aka zuba wa sarƙa mai. Ranar da na ji ƙararrawarsa a tsakar gida, ludayi ya suɓuce daga hannuna.

Kai ba ka san yadda ranar nan ta kasance a idona ba. Ka dawo daga kasuwa kana tura keken da hannu. Ka ce akuya ce ta gitta maka a gangaren burji, hanyar nan ta jar ƙasa, wajen da yashi ke kama taya. Babu jini ko ɗigo. Sai jar ƙasa a rigarka, da ɗan kumburi a gefen kai, sama da kunne. Ka sha fura, har ka ce ta yi tsami. Ka ce, "Inna, kaina ke sara, bari in ɗan kishingiɗa." Ka kwanta a inuwar itacen bedi. La'asar ta yi aka tashe ka salla, ba ka tashi ba. Kafin amalanke ya kai ka likita, Allah ya karɓi abinsa.

Mu mata ba mu zuwa maƙabarta. Abin da na gani daga bakin ɗaki shi ne nawa rabon. An zaro dogon kara daga darni, aka shimfiɗa shi a gefenka daga kai zuwa ƙafa, aka karya shi daidai inda ka ƙare. Abokinka Laminu, wanda kuka tashi tare, shi ya ɗauki karan ya fita da shi wajen masu haƙa. Can ake barinsa, ba ya dawowa. Na manta fuskokin waɗanda suka zo gaisuwa, amma ƙarar karyewar karan nan tana cikin kunnena har yau.

Tun ranar ba a auna mini ɗa. In za a yi wa yara ɗinki, tsohuwar riga nake aika wa tela. Takalmi kuwa da ido nake saye.

To, da keke ya sauko, na ce ba zai fita mini da ɗiya kai a buɗe ba. Babanku ya ce, "Ajali ba ya tsoron hula." Na ce na sani, amma Allah ya ce tashi in taimake ka. Na tafi kasuwa wajen masu kayan moto, wato babur, na ce hular kwano nake nema, wadda yaran yanzu ke cewa kaske. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi wadda ta fi nauyi, baƙa, mai gilashi a gaba, don a ganina nauyi shi ne ƙarfi. Kuma na ɗauki babba, yadda muke saya wa yara komai, su girma a ciki. Mai kayan ya ce, "Hajiya, wannan ko raƙumi ya taka ta, raƙumin ne zai yi ɗingishi." Na yi murna na kawo gida.

Rakiya ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Kowace safiya ina ganinta ta fita da ita a kai, kamar an kife mata tukunya. Hankalina ya ɗan kwanta.

Sai wata ranar kasuwa. Ina cikin amalanken maƙwabta muna dawowa daga Dakoro, mun kusa gangaren nan, sai na ji kukan sarƙa a bayanmu. Na san shi kafin in waiga. Keken ya wuce mu. Mai tuƙin ya duƙa, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka, naka zaman sak. Wallahi zuciyata ta ce kai ne. Sai na ga hijabi yana kaɗawa. Kan babu komai. Hular tana rataye a hannun keke tana lilo, tana bugun gwiwarta. Na bi ta da ido har ta shiga yashin ta fita, sannan na tuna da numfashi.

A gida ban yi faɗa ba. Na ce wa babanku ya mai da keke inda ya ɗauko shi.

Rakiya ta ɗauko hular ta sa a gabana, ta ce, "Inna, ki duba da idonki." Ta juya kai dama, hular na nan tana kallon gaba. Ta sunkuya, hular ta zamo ta rufe mata ido. Ta ce, "A cikinta ban jin moto a bayana, ban ganin rami a gabana. Wuyana kamar na ɗauko tulu daga rijiya, ga gumi. In na sa ta ne zan faɗi." Na ji, na kuma gane gaskiya take faɗa. Duk da haka na ce keke ya tsaya.

Keke ya tsaya, karatun lakwal ya tsaya. Ka san ƙanwarka, ba ta kuka a gaban mutane. Da safe sai ta yi wanka ta sa kayan lakwal, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon yara na wucewa. Mushenta, wato malaminsu, ya aiko cewa in rashin zuwa ya yi yawa za a cire sunanta. Ni da na koyi baƙi da furfura, na san abin da nake hana ta. Amma duk na kalli keken a rataye, sai in ga inuwar bedi.

Laminu direba ne yanzu, yana jan motar haya tsakanin Dakoro da Maraɗi. Ya yi aure, gemu ya cika masa fuska. Duk na gan shi sai in ga yadda da ka zama. Bai daina zuwa gaishe ni ba. Ranar da ya zo ya tarar da hular a kan tabarma, ya ɗaga ta ya yi dariya. Ya ce, "Inna, wannan ai ta ƴan kabu-kabu ce, kuma ta ƙato. Turmi kika aza wa Rakiya." Ya ce a Maraɗi ana samun ta keke, mara nauyi, mai ramuka don iska ta shiga, kuma girma-girma take zuwa kamar takalmi. Ya ce, "Amma sai da awon kanta. Ki auna da zare ki ba ni in tahi da shi."

Sai da maganar ta fita ya dubi fuskata. Ya sunkuyar da kai. Shi ma ya tuna.

Na ce ya dawo gobe.

Da gari ya waye na fara yi mata kitso, ƙanana, a kwance, zuwa baya, don mai tudu zai ɗaga hula. Ta sa ƙaramin hijabinta mara kauri, tunda a kansa za ta riƙa sawa. Farin zare ne a kusa da ni. Na ajiye shi don ya tuna mini likkafani, na nemo ja.

Na ce ta miƙe tsaye. Ba zaune ba, balle kwance. Na ce ta yi ta magana, kada ta yi shiru. Ta ce, "In ce mi?" Na ce ko mene ne. Sai ta kama zuba mini karatunta da Faransanci, tana dariya. Na zagaya zaren a goshi, ɗan sama da gira, ya bi saman kunnuwa, ya haɗu a ƙeya inda ta fi tudu. A ƙarƙashin yatsana na ji jijiyar gefen kanta tana bugawa, daidai wurin da naka ya kumbura. Na bar yatsan a wurin fiye da yadda awo ke buƙata.

Inda zaren ya haɗu ban tsinke shi ba. Na ƙulla, na bar sauran da tsawonsa.

Laminu ya zo ya karɓa. Hannun nan da ya ɗauki karan, ƙofar nan da ya fita da shi. Ya naɗe zaren a yatsa ya sa a aljihu ya juya, ni kuwa na dafa bango. Saura kaɗan in ce ya dawo da shi, a fasa. A bakin zaure ya waigo ya ce, "Inna, wannan zan maido miki shi."

Da ya kawo hular, shuɗiya ce. Na ɗaga ta na ji kamar ƙoƙo. Raina ya ɓaci, na ce an cuce ka, Laminu, wannan ko guguwa za ta tafi da ita. Ya juya mini cikinta. Akwai wani abu mai kama da totuwar kara, amma a danne. Ya ce shi ke murƙushewa ya sha bugun a madadin kai, shi ya sa in ta taɓa shan bugu mai ƙarfi sai a sake wata, ko da ba a ga tsagewa ba.

Rakiya ta sa. Ta zauna daidai, ba ta koma ƙeya ba, ba ta sauko kan ido ba. Yatsa biyu ne tsakanin girarta da bakin hular. Akwai ɗan abin murzawa a baya, ta murza ta kama kan. Igiyar ta bi gaba da bayan kunne ta haɗu a ƙarƙashin haɓa, yatsa ɗaya ke shiga. Ta girgiza kai kamar akuyar da ruwa ya shiga wa kunne, hular ta bi kan duk inda ya yi. Ta ce, "Inna, har na manta tana kaina." Babanku ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai sayen ƙwarya. Ya shiga zaure ya sauko da keken.

Zaren yana cikin hular, a naɗe, ƙullina na nan inda na yi shi.

Ba zan ce maka tsoro ya tafi ba, ɗana. Ka ga, na rubuta ɗana, abin da ban taɓa ce maka ba. Kowace safiya ni ke ɗaure mata igiyar, in sa yatsa in gwada, tana cewa zan sa ta makara. Da yamma ina jin motsi a zaure nake fita, in ga a kan keken ta dawo ko tura shi take. In ta ce kanta na ciwo, ban barinta ta kwanta a inuwar bedi. Wani lokaci in na riƙe hular nan, in ji rashin nauyinta, sai in ce da akwai irinta a kanka ranar nan. Sai in yi istigfari, don na san kwananka ne ya ƙare.

Naka awon yana can tare da kai. Nata yana ƙulle a bakin zanena. Laminu ya ce kan yarinya bai gama girma ba, baɗi sai an sake aunawa. Na ce ya zo. Zaren yana da saura.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya tsare Rakiya a gangaren burji, zuwa da dawowa, ita da duk ɗan da uwarsa ke tsaye a bakin ƙofa tana sauraron ƙararrawa. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa fuskokinmu. Amin.

Ni ce,
mahaifiyarka, da hannuna na rubuta.